Firinta biyu, kwamfutoci iri uku: me ya sa wata ke bugawa wata na ƙi?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Assalamu alaikum. A ofishinmu muna da babban injin fotokwafi mai haɗuwa da wayar netwok, sai kuma ƙaramar firinta HP LaserJet 1020 da ke jone da kwamfutar sakatare mai Windows 10 ta USB, an buɗe ta don kowa ya riƙa turo aiki. Sabon laftof mai Windows 11 ya ƙi haɗuwa da ƙaramar, yana nuna 0x0000011b. MacBook ɗin oga idan ya tura aiki babban injin, sai takardu su yi ta fitowa da rubutun da ba ya karantuwa. Kwamfutar akanta mai Ubuntu kuwa, ko wacce ya tura wa sai ta ce an gama, alhali ba abin da ya fito. Sannan duk ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai a ga Offline a ko'ina. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka faɗi sunan ƙaramar firintar da lambar kuskuren, domin su biyun nan sun rage mini rabin aiki.

Kafin ka taɓa komai, ka gane cewa firintocin nan naka biyu ba irin tarayya ɗaya ake yi a kansu ba, ko da yake a baki duka mukan ce "firintar netwok". Babban injin yana da nasa adireshin a netwok, kowace kwamfuta za ta iya zuwa ƙofarsa da kanta. Ita kuwa 1020 ba ta san ma akwai netwok a duniya ba. Abin da ta sani shi ne wayar USB da kwamfutar sakatare. Duk wanda ya tura mata aiki, kwamfutar sakatare ya tura wa, ita ce dillaliya. Idan dillaliyar nan ta yi barci, ko aka kashe ta, ko ta ƙi amincewa da baƙon da ya zo, ciniki ya watse. Mafi yawan wahalar da nake gani a ofisoshi da shagunan buga takardu daga nan take tasowa, kuma shawarata ta farko kullum ita ce duk firintar da ke iya tsayuwa da ƙafarta a netwok, kada a sa mata dillali. Na sha tarar da babban inji mai ƙofar netwok lafiya lau, amma an haɗa shi a kwamfuta ɗaya sannan aka raba shi daga can, kawai don wanda ya fara haɗawar hanyar da ya iya ke nan.

Bari in fara da maganar ɗauke wuta, tunda ita ta shafi kowa, kuma in ba a gyara ta ba duk sauran gyaran kwana ɗaya zai yi.

Rautar ofis ita ke raba wa na'urori adireshin IP, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Yau injin zai iya samun 192.168.0.105, kwamfutoci duka su riƙe wannan. Sai a ɗauke wuta, a tayar da janareto, komai ya kunnu lokaci guda. Wayoyin ma'aikata da ke jira su riga injin shiga layi, wata ta karɓi 105, shi kuma a ba shi 112. Kwamfutoci suna can suna sallama a tsohon gida, mai gida ya tashi. Akwai ma wanda ya fi wannan ban haushi: wani lokaci injin yakan riga rauta gama kunnuwa, ya nemi adireshi bai sami mai amsa masa ba, sai ya ƙirƙiro wa kansa wani mai farawa da 169.254. Duk inda ka ga wannan lambar, ma'anarta ba wanda ya ba shi adireshi. Je ka gaban injin ka sa ya buga maka takardar bayanan saitinsa, ko ka duba a allonsa, ka kwatanta adireshin da wanda ke cikin kwamfuta. Sau da yawa a nan bincike ke ƙarewa.

Maganin shi ne adireshi na dindindin. Ko dai ka shiga shafin rauta ka ɗaure wani adireshi da lambar MAC ta injin (lambar shaidarsa ce a netwok, ba ruwanta da kwamfutar Mac), yadda kullum shi za a ba shi, ko ka rubuta adireshin da hannu a cikin injin. A wurin da wuta ke wasa, na fi son na biyun, domin injin ba ya buƙatar jiran rauta kafin ya san sunansa. Sai dai ka zaɓi lambar da ke wajen jerin da rauta ke rabawa. In tana rabawa daga 100 zuwa 199, ba shi 20 ko 250. In ka ba shi lamba a cikin jerin, wata rana rauta za ta ba wa wata waya irin lambar, su yi ta kokawa, aiki ya riƙa fita yau gobe ya ƙi. Ka yi wa kwamfutar sakatare ma haka. Sannan ka rubuta adireshin a takarda ka manna a jikin injin. Wanda zai zo gyara bayanka zai yi maka addu'a.

Bayan ka ɗaure adireshin, akwai abubuwa biyu a Windows da ke jawo Offline na ƙarya. Buɗe Printer properties, ka je Ports. Idan ka ga ƙofar da aka sa wa alama sunanta ya fara da WSD, to Windows ne ya gano injin da kansa ya haɗa ta hanyar da ba ta da tabbas. Yau ta gan shi, gobe ta ce ba ya nan. Ƙirƙiri sabuwa, Standard TCP/IP Port, ka sa adireshin nan na dindindin. Na biyu, a cikin Configure Port akwai wani ɗan akwati, SNMP Status Enabled. Da shi Windows ke tambayar injin lafiyarsa ta ƙofa 161. Idan injin bai amsa wannan gaisuwar ba, saboda an kashe SNMP a cikinsa ko an canza kalmar public da ake amfani da ita, sai Windows ya yanke hukuncin ya mutu, alhali yana nan a shirye. Cire alamar, yawanci nan take za ka ga ya koma Ready.

Ga yadda nake gwada hanya kafin in zargi direba, wato manhajar da ke fassara wa firinta aikin kwamfuta, ko wani abu. Daga kwamfutar da ke ba da matsala, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin injin. Kusan duk injin netwok yana da shafinsa. In shafin ya buɗe, hanya lafiya. In bai buɗe ba, kada ka ɓata lokaci da saukar da direba, domin tafinta ba ya amfani ga wanda bai iso gari ba. Duba adireshin ita kwamfutar: lambobi ukun farko sun yi daidai da na injin? A ofisoshi da yawa ana jona rauta ta biyu a bayan ta farko don Wi-Fi ya kai ɗakin oga, sai a wayi gari gida ya rabu biyu, wasu suna 192.168.0, wasu suna 192.168.1. Intanet na aiki wa kowa, shi ya sa ba wanda ya lura. Haka nan wanda ke kan Wi-Fi na baƙi ba zai ga firinta ba, an tsara shi ne don kada ya ga kowa. Wanda ya kunna VPN ma sau da yawa hanyar cikin gida kan rufe masa. Da wanda laftof ɗinsa ya koma kan hotspot na wayarsa bai sani ba, wannan na gani ya fi a ƙirga.

In hanya ta buɗe, sai ƙofa. Ƙofofin bugu sanannu ne: 9100 ita ce ta zuba aiki kai tsaye ba tambaya, 515 tsohuwar LPD ce, 631 ta IPP ce wadda zamani ya koma kanta, 445 kuwa ta tarayyar Windows ce, ita za ka gwada a kan kwamfutar sakatare. A Windows ka buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection 192.168.0.20 -Port 9100, ka sa adireshin injinka a madadin 192.168.0.20. A Mac ko Ubuntu ka rubuta nc -vz 192.168.0.20 9100. Amsar daƙiƙa biyu ce, kuma tana raba gardama.

Yanzu MacBook ɗin oga. Ɗauko ɗaya daga cikin takardun da suka lalace ka dubi layin farko na shafin farko. Ina kyautata zaton za ka ga %!PS-Adobe a sama. In haka ne, ga abin da ya faru. Firintoci suna da harsuna. Akwai PostScript na kamfanin Adobe, akwai PCL na HP, akwai kuma waɗanda kamfanoni suka ƙirƙira don injinansu kawai, kamar UFR II na Canon. Idan aka haɗa firinta a Mac da adireshin IP kuma bai sami direbanta ba, yakan zaɓi Generic PostScript Printer da kansa. Manyan injinan fotokwafi da yawa kuwa ba sa zuwa da PostScript, ƙari ne da ake saya daban, kuma injinan da ake shigo mana da su na hannu ba kasafai ake samunsa a cikinsu ba. Sai Mac ya yi ta zuba PostScript ta ƙofa 9100, wadda ba ta tambayar komai, shi kuma injin da bai ji harshen ba ya ɗauka rubutu ne aka ce ya buga, ya yi ta buga umarnin kansa layi bayan layi. Wasiƙar shafi ɗaya sai ta cinye rabin rim.

Takardar bayanan saitin nan da na ce ka buga, a cikinta ake jera harsunan da injin ke ji. In ka ga yana da AirPrint, wanda Apple ta fito da shi a 2010, to shi za ka bi: goge firintar daga Mac, ka sake ƙarawa, a wurin Use ka tabbatar AirPrint aka zaɓa. A wannan hanyar Mac da injin su ke tattaunawa su daidaita kan harshen da duka suke ji, ba ruwanka da direba. Wani lokaci AirPrint ɗin yana nan amma a kashe, sai ka shiga shafin injin ka kunna shi tare da IPP da Bonjour, wato hanyar da Mac ke gano firinta a netwok. In injin ya girmi AirPrint, sai ka nemi direban Mac daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, na ainihin lambar injin. In babu, kuma injin yana jin PCL, zaɓi Generic PCL Printer. Za ka rasa wasu abubuwa kamar zaɓen tire da ɗinke takardu, amma wasiƙa za ta fito wasiƙa. Idan MacBook ɗin na zamanin M1 ne zuwa sama, wato daga ƙarshen 2020, tsohon direban da aka rubuta don Intel yana buƙatar Rosetta, manhajar Apple mai sa tsofaffin manhajojin Intel su yi aiki a sabon Mac, kafin ya yi aiki. In babu shi sai ka ga aiki ya tsaya da saƙon Filter failed.

Ita kuwa 1020, ka ba oga haƙuri, ya bar ta. HP ba ta yi mata direban Mac ba. Akwai masu dabarar ara mata na 'yar'uwarta 1022, wani lokaci ya yi, wani lokaci sabuntawar macOS ɗaya ta rushe shi. Mutumin da ke da babban inji a ofis ba shi da dalilin shiga wannan wahalar.

Tunda mun zo kanta, bari in yi maka bayanin halinta, don shi ne zai warware maka matsalar akanta. Ita 1020, da ire-irenta kamar 1018 da P1005 da Canon LBP2900, mutanenmu suna son su da gaskiya: ga juriya, ga tona mai araha, ga kayan gyara a kasuwa. Amma an rage musu kuɗi ne ta hanyar cire musu ƙwaƙwalwa. Ba sa jin PCL, ba sa jin PostScript. Kwamfuta ce ke zana shafin gaba ɗaya ta mayar da shi ɗigo-ɗigo cikin wani harshe na musamman, firintar ta zuba tona kawai. Ita 1020 har manhajar da ke tafiyar da ita sai kwamfuta ta ɗura mata ta USB duk lokacin da aka kunna ta. Shi ya sa ƙananan akwatunan nan masu mayar da firintar USB ta netwok sau da yawa ba sa aiki da ita.

To idan Ubuntu ya tura mata aiki ta kwamfutar sakatare, Windows ba ya fassara komai, miƙawa kawai yake yi yadda aka ba shi. In akanta ya zaɓi direban gama-gari na PCL ko PostScript, aikin zai bar Ubuntu lafiya, Windows ya karɓa ya miƙa, firinta ta dubi abin da ba ta gane ba ta watsar shiru. Kowa ya sauke nauyinsa, takarda ba ta fito ba. "An gama" a bakin Ubuntu yana nufin "na miƙa", ba "ta buga" ba. Abin da ake buƙata shi ne direban foo2zjs. A Ubuntu sunan kunshinsa printer-driver-foo2zjs. Sai kuma smbclient, wanda in babu shi Ubuntu ba ya iya magana da tarayyar Windows sam. Adireshin da za a sa shi ne smb:// sai IP na kwamfutar sakatare sai sunan da aka raba firintar da shi. Ka gajarta sunan nan, ka cire masa tazara, ka kira ta HP1020 kawai. Dogon suna mai tazara ya sha ɓata wa mutane yini.

Amma ka ce har babban injin ma haka yake yi wa akanta, kuma wannan dalilinsa daban ne. Abin da na fi zargi shi ne lambar sashe. Injinan ofis da yawa ana sa musu lambar sirri don a san wanda ya buga shafi nawa. Canon na kiranta Department ID, Ricoh na kiranta User Code. A kwamfutocin Windows wanda ya haɗa injin ya riga ya sa lambar cikin direba, kowa ya manta da ita. Aikin da ya zo daga Ubuntu ba lamba, sai injin ya karɓa ya goge ba tare da ya ce uffan ba. Je ka allon injin ka buɗe tarihin ayyukan bugu. In ka ga aikin akanta a jere da alamar kuskure, ka kama ɓarawon. Sai ko dai a sa lambar a zaɓuɓɓukan direban kamfanin na Linux, wato dangin tsarin da Ubuntu yake ciki, ko mai kula da injin ya ba da izinin karɓar aikin da ba shi da lamba. Na taɓa kwashe kusan awa uku a wani ofis ina sauya direbobi a kan wannan, sai wani masinja da ke wucewa ya ce, "Ai sai an sa lamba yake yarda." Tun daga ranar, tarihin injin nake fara dubawa.

In tarihin bai nuna aikin ya iso ba ma, sai a koma kan CUPS. Shi ne tsarin bugu na Linux, kuma shi ne na Mac. Michael Sweet ya ƙirƙiro shi, Apple ta saye shi a 2007. Wato Mac da Ubuntu a fannin bugu 'yan gida ɗaya ne, abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayan. A burauza ka rubuta localhost:631 za ka ga shafinsa. A Mac sai ka fara rubuta cupsctl WebInterface=yes a Terminal kafin ya buɗe. Umarnin lpstat -t zai nuna maka kowace firinta, adireshin da ake aika mata aiki, da ko an dakatar da layinta. CUPS kan dakatar da layi idan ya yi ta neman firinta bai same ta ba, kamar lokacin ɗauke wuta, kuma wani lokaci ba ya sake buɗewa da kansa. Umarnin cupsenable da sunan firintar zai tashe shi. In kana son sanin ainihin abin da ke faruwa, cupsctl --debug-logging, ka sake tura aikin, ka karanta /var/log/cups/error_log. Idan injin yana jin IPP na zamani, layi ɗaya ya ishe ka haɗa shi ba direba: lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.0.20/ipp/print -m everywhere. Ubuntu kan kuma nuna firinta ɗaya sau biyu, wadda ka haɗa da hannu da wadda ya gano da kansa, ka tabbatar akanta ya san wacce yake tura wa.

Saura laftof mai Windows 11 da 0x0000011b. Wannan lambar tana da tarihi. A tsakiyar 2021 aka bankaɗo wata ɓaraka a tsarin bugu na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ke ba ɓarawo damar ƙwace kwamfuta ta hanyar Print Spooler, wato ɓangaren Windows mai jera ayyukan bugu. Microsoft ta bi da gyare-gyare a jere. Na watan Agusta ya hana wanda ba shugaban kwamfuta (Administrator) ba saukar da direba daga kwamfutar da ke raba firinta. Na watan Satumba ya tilasta tsauraran matakan tantancewa tsakanin mai raba firinta da mai haɗuwa da ita, kuma daga nan 0x0000011b ya cika duniya. Daga baya Windows 11 na 22H2 ya canza hanyar da yake bi wajen yi wa mai raba firinta magana, abin da ya ƙara haifar da 0x00000709 da 0x00000bc4 tsakaninsa da tsofaffin kwamfutoci. Wato laftof ɗinka ba lalacewa ya yi ba, ƙa'idar gaisuwa ce ta bambanta tsakaninsa da kwamfutar sakatare.

Fara da abin da ya fi sauƙi: ka sabunta su duka biyun har ƙarshe. A wurinmu da yawa ana kashe sabuntawa don tsimin data, sai ka tarar da kwamfutar da ta shekara uku ba ta sha gyara ba tana ƙoƙarin hulɗa da sabuwa fil. Sannan a kwamfutar sakatare ka tabbatar netwok ɗin yana kan Private ba Public ba, kuma File and printer sharing a kunne. Ka buɗe wani asusu na musamman a cikinta mai kalmar sirri, ka ce masa bugu ko wani suna, sannan a laftof ka shiga Credential Manager ka ajiye adireshin kwamfutar sakatare da wannan sunan da kalmar sirrin. Tsohuwar al'adar kashe kalmar sirri don kowa ya shigo a matsayin baƙo ta kusa mutuwa. Windows 11 na 24H2 ya ƙara toshe ta, ba na ba ka shawarar ka yi ta fama da ita.

In duk da haka ya ƙi, ga dabarar da na fi amincewa da ita, domin tana kauce wa rigimar gaba ɗaya ba tare da an rage tsaro ba. Ka sa direban 1020 a laftof ɗin kai tsaye, kamar za ka jona ta da USB. Sai ka je ƙara firinta da hannu, ka zaɓi Add a local printer, ka ce Create a new port, nau'in Local Port. Da ya tambayi sunan ƙofa sai ka rubuta \\192.168.0.30\HP1020, wato adireshin kwamfutar sakatare da sunan firintar. Ka zaɓi direban da ka sa. Yanzu laftof ɗin shi ke shirya aikinsa da kansa, ya ajiye a ƙofar sakatare kamar mai ajiye fayil. Dole dai kalmar sirrin nan ta kasance a ajiye, in ba haka ba zai ce Access denied.

Za ka ga ana yawan ba da shawarar a shiga rajistar Windows (Registry) ta kwamfutar da ke raba firintar, a ƙirƙiri RpcAuthnLevelPrivacyEnabled a ba shi 0, a sake kunna Print Spooler. Yana aiki, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da yake yi shi ne cire kariyar da aka sa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. A ƙaramin ofis mai kwamfuta huɗu da ba baƙon da ke shiga netwok ɗinsa, wani zai ce ya ɗauki kasadar. A shagon da kwastomomi ke jona laftof da filashi iri-iri kuwa, ni ba zan yi ba. Ka kuma tuna Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka kwamfutar sakataren nan tazarar da ke tsakaninta da sababbi ƙaruwa za ta yi ta yi.

Wani abu da zai same ka ko ba jima ko ba daɗe shi ne aiki ya maƙale a layi, ya ƙi fita ya ƙi goguwa, ya tare na bayansa. Yawanci ɗauke wuta a tsakiyar bugu ke jawo shi. A kwamfutar da abin ya faru ka buɗe Command Prompt a matsayin shugaba (Administrator), ka rubuta net stop spooler, ka goge duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, fayilolin ciki kawai ba jakar ba, sannan net start spooler. A Mac da Ubuntu cancel -a ya wadatar. Kuma ka hana kwamfutar sakatare yin barci a lokutan aiki, don dillaliya mai barci ba ta karɓar saƙo.

Sai girman takarda, ƙaramin abu mai kama da babbar matsala. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297. Kwamfutocin da aka saita su da yankin Amurka kuwa Letter suke zaɓa, wadda ta ɗan fi faɗi ta kuma fi gajarta. Laftof na hannu da aka shigo da shi daga can zai tura aiki a Letter, injin ya duba tirensa ya ga A4, ya tsaya yana ƙyafta fitila yana jiran a sa masa takardar da babu ita a ofis. Wanda ke ɗakinsa zai ce firinta ta ƙi, kuma aikin kowa ya taru a bayan nasa. Ka duba wannan a sabon laftof ɗin da MacBook ɗin, a saitin firintar da kuma cikin Word kansa.

Da ni ne a wurinka, ga yadda zan tsara ofishin. Babban injin ya sami adireshi na dindindin da wayar netwok, ba Wi-Fi ba, kowace kwamfuta ta je masa kai tsaye: Windows ta TCP/IP ko IPP, Mac ta AirPrint ko direban kamfani, Ubuntu ta IPP. Wayoyi ma za su amfana, iPhone ta AirPrint, Android ta Mopria, matuƙar suna kan rauta ɗaya da injin, domin kiran da suke yi na neman firinta ta ƙofa 5353 ba ya tsallaka rauta. Ita 1020 ta zama ta sakatare, da laftof ɗin nan ta hanyar Local Port in ya zama dole. In kuwa lallai kowa sai ya buga a kanta saboda arahar tonarta, to a cire ta daga Windows: a nemo tsohuwar kwamfutar da ke kwance a sito ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, a sa mata Linux da CUPS da foo2zjs tare da fayil ɗin manhajar firintar, a jona 1020 a can a raba ta ta IPP. A wannan tsarin CUPS ne ke yin fassarar, sauran kwamfutoci su turo aikinsu kawai, har MacBook ɗin oga da wayoyi. Ka sa wannan ƙaramar kwamfutar da rauta a kan UPS, amma kada ka jona firintar leza a ƙaramin UPS, domin wutar da hitarta ke ja lokacin ɗumama ta fi ƙarfinsa.

Ka fara da buga takardar saitin babban injin gobe da safe. In ka ga adireshinsa da jerin harsunan da yake ji, ka kuma duba tarihin ayyukansa ko na akanta yana ciki, uku daga cikin matsalolin nan huɗu za ka san inda suka dosa kafin ka zauna gaban kowace kwamfuta. In layin farko na takardun oga ba %!PS-Adobe ba ne, ka turo mini abin da aka rubuta a wurin tare da lambar injin.